Dakuwar Inna a Ƙauyen Ingila

Duk wanda ya ƙara miƙo mini waya ya ce in kalli kyawun ƙauyen Ingila, tambaya ɗaya zan yi masa, ko hoton yana fitar da wari. Ni na je da ƙafata, na shaƙa da hancina, na dawo Greensboro, garin da nake zaune a jihar Carolina, da mura da ƙullutu a goshi. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, can hanyar Pleasant Garden, kowa ya san hutu na tafi. Wata nas har cewa ta yi burinta ke nan tun tana yarinya, in ɗauko mata hotuna da yawa. Na ce mata to. Ta ina zan fara yi mata bayanin Inna da Yaya da Turanci, a tsaye, ana jiranmu mu canja zannuwan gado?

Ga yadda abin yake. Yaya Auwalu shi ne ɗan farin Inna, ni Sa'a ni ce auta. A ƙauyenmu na bayan Gwarzo, mace irin Inna ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarmu Hajiya ta ɗauke shi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. In zancensa ya kama dole, sai ta ce wancan, ko na gidan Hajiya. Mu duk mun san kunya ce. Ni kuwa na san fiye da haka, don duk ranar da aka yanka kaza a gidanmu, cinya ɗaya takan ɓace daga tukunya, kuma a ƙarƙashin mayafina take tafiya gidan Hajiya.

Yaya ya karanci aikin likitan dabbobi, ya tafi Ingila ƙaro ilimi, ya auri wata Baturiya mai suna Helen, ya yi zamansa. Zuwansa gida na ƙarshe rasuwar Baba ce ta kawo shi, shi da matar. Inna tana takaba, ta amsa gaisuwarsa fuska a juye kamar yadda ta saba. Ranar da zai koma ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ni ce na same ta a bayan ƙofar tana toshe bakinta da gefen zane. Shi abin da ya gani ƙofa ce a rufe, ga matarsa tana tambayarsa laifin da ya yi wa uwarsa. Daga nan waya ta fara ja da baya. In ya kira, Inna ta amsa sannu ta miƙa wa na kusa da ita. Sai ya daina kira.

Da na sami takarduna na zama 'yar ƙasa na ɗauko Inna ta dawo wurinmu a East Greensboro. Bara zuciyarta ta fara ba ta wahala, har likita ya sa ranar aiki, kuma bai ɓoye mana ba cewa a shekarunta ba kowa ke tashi daga gadon tiyata ba. Na tura wa Yaya saƙo. Ya amsa da Turanci, layi ɗaya, wai yana fatan komai zai tafi daidai. Kamar wanda aka gaya wa maƙwabcinsa zai cire haƙori.

Ana cikin haka 'yata Husna ta gano shafin Helen, ta kawo mana hoton ƙauyensu muna zaune a falo. Gidajen dutse masu launin zuma, furanni har saman taga, ga rafi da 'yar gada. Inna ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Can ta miƙo mini ta ce:

"Garin nan da kyau. Ke da ba kya hutawa, da can kika je hutu."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuma na ji sauran. Washegari ta aiki mijina, Malam Isa, kantin kayan Afirka ya sayo aya da gyaɗa da citta. Na fito mata da injin markaɗe ta ce in mayar. Ta aro ƙaramin turmi wurin Hajiya Ramatu, maƙwabciyarmu mutuniyar zangon Kumasi, ta zauna a kicin tana daka tana hutawa, tana dafe ƙirji, in na zo karɓar taɓarya ta harare ni. Dakuwa ce, wadda duk gidanmu an san mutum ɗaya ne yake mutuwar sonta. Ta mulmula ta ƙulle a leda, ta cusa a jakata ta ce ko zan haɗu da mai so.

Malam Isa ya ce in sanar da su ina zuwa, mutanen can ba a faɗo musu haka nan. Na ce tun yaushe ƙanwa take neman izini kafin ta je gidan wanta? Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Jirgin sama zama ne kawai da kumburin ƙafa. Daga London wahalar ta fara. A jirgin ƙasa mutum zai zauna kusa da kai har gwiwa na gugar gwiwa, amma ko ci kanka ba zai ce ba. Na yi wa matar da ke gefena gaisuwa irin tamu ta Carolina, inda ko a layin kanti baƙo zai tambaye ka ya yini. Ta dube ni kamar na roƙe ta wani abu, ta janye jakarta. A ƙarƙashin kujerarta kuwa kare ne kwance, jiƙaƙƙe, yana huci a kan takalmina. Shi ne karen farko. Da na san yawan waɗanda ke gaba, da tun a nan na juya.

A 'yar tashar da na sauka tasi ɗaya ce tak. Na nuna wa direban adireshin da na kwafo daga jikin wani kwali da Yaya ya taɓa aiko wa yarana. Ya ce ai garinsu ne, kuma babu bas ranar. Muna fita daga tashar bas ta gifta mu da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro a goshinta. Na nuna masa, ya ce wannan ba ta tsayawa. Ya yi ta zagaye da ni a wasu matsattsun hanyoyi, shinge dama shinge hagu, mita tana ta gudu, ga shi a baibai suke tuƙi, ta hannun hagu, duk motar da ta taho sai in ga a kaina za ta ƙare. Ƙarshe ya sauke ni gaban wata coci, ya karɓi abin da ya karɓa, ya ce gidan yana nan baya. Ashe ƙauyukan biyu ne masu suna ɗaya, na sama da na ƙasa. Ya zubar da ni a na sama don hanyar na ƙasa cike take da motocin 'yan yawon buɗe ido, ba ya son cunkoso. Har yau ban yafe masa ba.

Wani mai keke ya nuna mini hanyar ƙafa, ya ce ta cikin makiyaya ce, ba nisa, kuma tana da kyau ƙwarai. Komai a wurinsu yana da kyau ƙwarai. Ruwa ya fara zuba, irin yayyafin nan da ba ya tsayawa kuma ba ya yin ƙarfi. Na ɗaga akwati na haura wani ɗan tsani na katako a jikin shinge, na dira cikin taɓo har idon sawu. Filin da a hoto yake kore shar, kashin tumaki ne shimfiɗe daga farko har ƙarshe. Ni 'yar ƙauye ce, na san kashin tumaki, amma namu busasshe ne, ana sharewa a kai gona. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana santsi, yana liƙe wa bakin zane. Tayar akwatina ta cushe da shi ta daina juyawa. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne 'yan ƙananan ledoji baƙaƙe da na ga an rataye a jikin shinge, kamar kayan tsaraba. Na matsa in gani. Kashin kare ne. Mutum ya sunkuya ya kwashe da hannunsa, ya ƙulle tsaf, sannan ya rataye wa jama'a ya yi gaba.

A tsakiyar filin nan na tsaya na tuna kicin ɗina, da ƙamshin miyar kuka, da Hajiya Ramatu tana leƙo kai ta taga tana tambayar ko Mma, wato Inna, ta sha magani. Na ji hawaye, na haɗiye, don ba zan yi kuka a gaban tumaki ba.

A nan wata tsohuwa ta cim mini, siririya, da takalmin roba har gwiwa. Ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Ta kama gefen akwatin kawai muka ɗaga tare. Gidanta shi ne na farko a bakin ƙauyen. Ta dubi ƙafafuna ta shiga ciki, ta fito da tulun roba cike da ruwan ɗumi da tsohon tawul. Na wanke ƙafa, na ga ruwan ya rage, na yi alwala da sauran. Da ta ga ina waige-waige ta buɗe mini rumfar da take ajiye kayan lambu, ta shimfiɗa kwali, ta koma waje ta tsaya cikin yayyafi har na idar. Allah ya saka wa matar nan. Duk ƙasar ita kaɗai na tarar ta san baƙo.

Na nuna mata adireshin, fuskarta ta washe. Ta ce ai gidan Oli ne, likitan karnuka, mutumin kirki, shi ya ceci kyanwarta. Na ce a'a, Auwalu nake nema. Ta ce e, baƙin mutum dogo mai tabarau, Oli. Sunan da Inna ta shekara hamsin tana riƙe da shi a baki kamar garwashi, su sun gutsure shi sun mai da shi Oli.

Ƙauyen kuma, in faɗi gaskiya, idona ya ga abin da hoton ya nuna. Amma ba gari ba ne, wurin kallo ne. Manyan motoci suna juye mutane, kowa waya a sama, ana ture juna a kan gadar da ba ta kai tsawon tabarma uku ba. Rabin gidajen babu kowa, sai ɗan akwatin makulli a jikin ƙofa, haya ake bayarwa ga masu hutu. Ba yaro yana wasa, ba hayaƙin girki, ba dattijo a ƙofar gida. Wasu gidajen rufin ciyawa ne, jinka sosai, wadda Baba ya yi shekaru yana tara kuɗi ya rabu da ita ya sa kwano. Nan mutane sun biya kuɗin jirgi sun zo suna ɗaukar hotonta. Bakin rafin kashin agwagi ne kore, ana zaune a kai ana cin burodi. Kowane kanti akwai kwanon ruwa a ƙofa domin karnuka. Na shiga banɗakin jama'a, babu ko kofin ruwa domin ɗan Adam.

Na ƙwanƙwasa ƙofar gidan Yaya na yi sallama. Wanda ya fara amsawa kare ne, ƙato, ja, kamar ɗan maraƙi. Helen na buɗe ƙofa ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjina ya lashe mini haɓa. Na yi baya da salati, na dawo gaba na buga goshi da saman ƙofar, don an yi ta ne domin gajerun mutanen da. Helen tana dariya tana cewa yana sona ne, ba ya yi wa kowa haka. Sai da ta gane ni dariyar ta tsaya.

Yaya ya fito daga ciki da kofin shayi. Ya yi furfura. Tafiyarsa ta Baba ce sak. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi, in tashi, ba a yin haka a nan. Kafin ya tambayi hanya, kafin ya tambayi Inna, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne me ya sa ban kira ba. Suka koma gefe suna ƙus-ƙus. Helen ta dawo da murmushi ta ce ɗakin baƙi ba a shirye yake ba, a nan karen yake kwana tunda aka yi masa aiki a ƙugu, amma ta samo mini ɗaki mai kyau ƙwarai a tsakiyar ƙauye.

Saman gidan giya ne. Ni Sa'adatu, na ƙetare teku na zo gidan wana uwa ɗaya uba ɗaya, aka sauke ni a saman mashaya don kare yana jinya. Warin tsohuwar giya ya kama matakala, ɗakin yana warin danshi, bango ya yi fumfuna a bayan labule. Banɗakin an shimfiɗa masa kafet har gindin masai, ban san shekara nawa yana shan abin da yake sha ba. Famfo biyu ne, ɗaya ya ƙona ka, ɗaya ya daskarar da kai, ba sa haɗuwa. Na yanke robar ruwan sha na mai da ita buta. Da ɗan yatsan ƙafa nake taka ɗakin nan har na bar shi.

Washegari Yaya ya tafi aiki, wai akwai karen da zai wanke wa haƙora. Mutumin da Baba ya sayar da bijimi ya tura karatu don ya dawo ya duba shanun jama'a. Helen ta zagaya da ni, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi ƙoƙari. Ta saya mini wani busasshen burodi da ake shafa wa kirim, ta yi ta ba ni tarihin duwatsu. A kan gada ta tsaya ta ce tana so in sani, mijinta ya sha wahala a kan mahaifiyarsa, har yana zuwa wurin mai ba da shawara kan damuwa, kuma yanzu ya fara samun sauƙi, kada in tayar masa. Na ce mahaifiyar tasa za a tsaga mata ƙirji. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, sai ta nuna mini agwagwa da 'ya'yanta.

Da yamma suka gayyace ni cin abinci. Dankali ne da ganye da kifi, babu gishiri babu yaji. Muna gamawa Helen ta sauke farantan ƙasa, karen ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lashe tas. Sannan ta tsoma su a roba ɗaya ta ruwan kumfa, ta ciro, ta jera, ba ɗauraya, kumfa tana gangarowa. A kan farantan nan na gama cin abinci. Na dubi Yaya, yana goge tabarau abinsa.

Na ga in ban yi abin da ya kawo ni yanzu ba, ba zan yi ba. Na ciro ledar, na kwance, na ajiye a kan ɗan teburin falo. Ƙamshin citta da soyayyiyar aya ya tashi ya danne warin karen. Na ce Inna ce ta daka da hannunta. Ya daɗe yana kallon dakuwar bai taɓa ba. Ya tambaya ko ta ce a kawo masa. Na gaya masa abin da ta ce, ko zan haɗu da mai so. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce to ai ba shi aka aiko wa ba ke nan.

Kafin in buɗe baki karen ya zura kai ya kwashe dunƙule biyu. Helen ta yi ƙara tana tambayar me ke ciki, akwai barkono, akwai abin da zai cuce shi? Yaya ya zube a gwiwa, gwiwar da ya ce ba a durƙusawa da ita a nan, ya buɗe bakin karen ya zura hannu har wuyan hannu yana tono dakuwar Inna, yana lallashinsa da murya mai taushi, yana kiran sunansa. Yawu yana bin hannun rigarsa. Na tattara sauran na ƙulle na mayar jaka. A rayuwata na wanke tsofaffi, na kwashe abin da 'ya'yansu ba za su iya kallo ba, ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba.

Haushi ne ya sa na danna kiran bidiyo ba tare da na yi shawara da kowa ba. A Greensboro rana ce. Hajiya Ramatu ta ɗauka, ta kai wa Inna. Na juya wayar na saita ta a fuskar Yaya yana goge hannu. Inna tana ganinsa ta kawar da kai gefe, ta gyara mayafi, ta ce Sa'a kin sauka lafiya, ya mutanen gidan. Yaya ya karɓi wayar daga hannuna. Hausarsa ta yi tsatsa, amma ta fito.

"Inna, ni ne. Ki kira sunana. Sau ɗaya kawai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gaban Hajiya Ramatu, a gaban matarsa, yake cewa tsohuwa ta tuɓe abin da ta yafa tun tana amarya. Ina ganin leɓenta yana motsi, ina ganin hannunta a ƙirji. Can ta ce:

"Sa'a, da alama garin akwai sanyi. A riƙa rufe ƙirji."

Ya miƙo mini wayar ya fita lambu, karen ya bi shi.

Da safe shi ya kai ni tasha. Da muka yi nisa na buɗe baki. Na wanke shi tas, ban rage komai ba, tun daga mashaya har faranti. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, idonsa a kan hanya:

"Na san sunan abin, Sa'a. Ni ma can na tashi. Amma yaro ƙarami bai san kunya ba. Abin da ya sani, akwai wata mata da yake bi da gudu, in ya kama zanenta sai ta ɓamɓare hannunsa. Ke tana kiranki sau ɗari a yini."

Gaskiya ce, kuma ban taɓa tsayawa a inda ya tsaya na duba ba. Abin da ya zo bakina kawai shi ne cinyar kaza. Na tambaye shi wa yake tsammani yake aiko masa da ita duk shekarun nan. Ya ce ai ni ce nake sato masa. Na ce ni da ko leƙa tukunyar Inna ban isa ba? Ita take cirewa tun kafin a zuba wa Baba, ta naɗe a ganye, ta cusa mini a mayafi ta ce in bi ta bayan gida. Na gaya masa abin da na tarar a bayan ƙofa ranar da ya tafi. Na gaya masa yadda ta daka dakuwar nan tana tsayawa neman numfashi.

Muka isa tasha. Ya sauke mini akwati, ya ga tayar a cushe, ya sa makullin mota yana ƙwaƙule busasshen kashin tumakin. Jirgi ya taho. Ina sa ƙafa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ko sauran dakuwar tana jakata. Na ba shi. Bai ce zai zo ba, bai ce zai kira ba.

Na dawo Greensboro, Malam Isa ya ɗauko ni, ya ga goshina bai ce uffan ba, Allah ya yi masa albarka. Inna ta tambayi hanya, ta tambayi ruwan sama, ta tambayi ko sun iya abinci. Ba ta tambayi dakuwa ba, ni ma ban tayar ba. Ranar aiki tana matsowa, waya shiru. Na fara shirya zuciyata cewa haka za a shiga da ita.

Ana saura kaɗan a kwantar da ita, wata rana aka sallame ni daga aiki da wuri saboda murar nan. Yara suna makaranta, Malam Isa yana kan hanya. Na shigo a hankali don kada in tashe ta. A bakin ɗakinta na ji murya ƙasa-ƙasa, na ɗauka lazimi take yi. Na kasa kunne. Ba lazimi ba ne. Tana farawa, ta tsaya, ta yi tari, ta sake farawa, kamar mai koyon tafiya bayan doguwar jinya. Au. Auwa. Sai shiru. Sannan ya fito gaba ɗaya, a hankali, da muryar da ban taɓa ji ba.

"Auwalu."

Ta sake faɗa. Ta kuma sakewa.

Na san abin da zan yi ba ladabi ba ne, kuma na yi. Na ciro waya na kira shi. Ya ɗauka, ban ce komai ba, na ƙara murya, na tura ƙofar kaɗan na zura hannuna ciki. Ta ba ƙofa baya, tana zaune a bakin gado tana kallon taga. Ta cikin wayar ina jin karen yana haushi, sai na ji an ja shi, an rufe wata ƙofa, haushin ya yi nisa. Inna ta sake kiran sunan.

"Na'am, Inna."

Ta zabura ta juyo, ta gan ni, ta ga wayar. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, kafaɗunta suna rawa. Na tsaya ina jiran faɗan da na san na cancanta. Daga cikin mayafin ta yi magana, da ni, ba da shi ba.

"Sa'a, matso da ita kusa. Ba na ji sosai."